Akwatin Waƙar Malam Bitrus

Ku da kuke zuwa rumfata da takalmi a hannu ku ce a ɗinke muku yanzu-yanzu, kuna tsaye a kaina kuna duba agogo, kun ɗauka dukanci huda fata ne kawai a zura zare. Kwanan baya wani daga cikinku ya ce mini wai sati biyu sun ishe shi ya iya. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ni Garba na haura shekara hamsin da basilla a hannuna, kuma akwai aikin da na yi wanda har yau ban gane kansa ba.

Asalin aikina ba takalmi ba ne, zugazugi ne na maƙera. A wurin ƙanen mahaifiyata na koya, Kawu Manu, a Illo. Shekara biyun farko bai bar ni na taɓa wuƙa ba. Aikina in shafa wa fata man kaɗe, in murza, in murza, har tafin hannuna ya fi fatar laushi. Sai daga baya ya koya mini zaɓe. Fatar zugazugi ta akuya ce, wadda aka cire ɗungum kamar za a yi salkar ɗaukar ruwa, ba a tsaga cikinta ba. Ta bunsuru ba ta yi, ta cika kauri. In na gama ɗinki, Kawu ba ya duba wa da ido. Sai ya hura ta cika, ya ɗaure bakin, ya ajiye a ƙasa ya zauna a kai yana cin goro. In ya ji yana nutsewa, sai ya miƙo mini wuƙa in farke in sake.

Maƙera kuwa, Allah ya shirye su. Mutum zai kai bakin zugazugi cikin garwashi da hannunsa ya ƙone, ran kasuwar Lolo ya zo ya tara maka jama'a wai ɗinkinka ne bai yi ba. Duk da haka na san su, na san abin da suke so. Iska suke so ta fita da ƙarfi ta bugi wuta. Daga Geza har Bagudo, duk maƙerin da ka tambaya wa ya yi masa nasa, sunana zai faɗa, kuma a lokacin kaina ya ɗan fara girma.

A shekarar da aka ce Turawa za su tafi su bar mana ƙasa, farkon damina, ina zaune a kasuwar Lolo sai ga wani dogon tsoho ya tsaya a gabana, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na san shi da gani. Malam Bitrus ne, tsohon tafintan ofishin kwastan na Illo, Kirista.

Ya ce, "Kai na Garba mai zugazugi?"

Na ce, "Ni na, Baba."

Ya ce, "Ina da zugazugi ya mutu. Ina son ka tashe shi."

Na dube shi sama da ƙasa, hannuwansa ba na mai riƙe guduma ba ne. Na ce, "Baba, ƙira kaka yi?"

Ya ce, "A'a. Waƙa nika yi da shi."

Ban san ko zolayata yake yi ba.

Washegari na bi shi zuwa cocinsu. Ɗakin ƙasa ne dogo mai jinka, a bayan ofishin kwastan. A kusurwa akwai wani akwati na katako mai sheƙi, tsayinsa ya kai ƙirjina. Da ya ɗaga murfin sai ga haƙora a jere, farare da baƙaƙe. A ƙasa akwai matakai biyu irin na masaƙa. Shi ogan yake kiransa, mu dai akwatin waƙa muka sa masa. Ya zauna ya taka, ya danna haƙoran, sai abin ya yi wani huci kamar tsohon jaki, shi ke nan. Ya kwance bayan akwatin ya nuna mini. Ga zugazugi nan kuwa, amma na allo da wani baƙin ƙyalle mai danƙo, kuma ɓeraye sun yi biki a ciki. A sama akwai 'yan harsunan tagulla a jere, kowanne a raminsa, su ne masu kuka in iska ta taɓa su.

Na ce, "Baba, in wanga abu ya mutu, ku yi waƙarku da baki mana. Mi ah haɗin ibada da akwati?"

Ya zauna a kan benci ya cire tabarau. Ya ce, "Garba, ba mu cika ɗakinga ba, amma harshe huɗu gare mu. Ga Yarbawa 'yan kasuwa, ga ma'aikata mutanen kudu, ga Bussawa daga ƙauyuka, ga matan Dahome masu kihi. Waƙa guda, kowa na yinta da harshenai. Akwatinga shi aka bi. Shi ka cewa ga inda za a hwara, ga inda za a tsaya. In ya yi shiru, kowa sai shi kama gabanai."

Ya ce wata Baturiya ce ta koya masa, kuma da za ta koma ƙasarsu ta bar masa akwatin a hannunsa. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi wurina da gaske. Ya ce, "Shekara ashirin ni ka taka shi. Ban iya wa'azi ba, muryata ta tahi. In bai tashi ba, ba ni da sauran aiki cikin ɗakinga."

Ni dai kaina ya ɗaure. A wurinmu kiɗa na biki ne da gayya da dambe, in lokacin salla ya yi sai a ajiye ganga. Su kuma ga shi sun ce ibadarsu ba ta tafiya daidai sai da kiɗa. Na kuma ji tsoron bakin mutane, a ce an ga Garba yana shiga coci yana fita. Na je na faɗa wa Kawu Manu, wanda a lokacin ido ya fara gaza masa. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Hwata ta aka son ka sa?"

Na ce, "Hwata ta."

Ya ce, "To mi kaka tambayata? Tahi ka ɗunka."

Ga kuskuren da na yi, ku riƙe shi ko da ba ku riƙe komai ba. Ranar farko na cire zugazugin na fito da shi haske, na ga tsohon danƙo da guntayen ƙyalle sun yi masa kaca-kaca. Ni mutum ne mai son aiki tsaf. Sai na sa wuƙa na kankare allunan nan tas, ciki da waje, har suna ɗaukar ido. A jikin allunan akwai ramuka, kuma kowane rukunin rami akwai ɗan leɓen fata da ke rufe shi, yadda iska za ta wuce ta gefe ɗaya ta kasa komowa. Ɓeraye sun cinye leɓunan, amma tabon inda aka manna su yana nan. Wannan tabon shi ne zai gaya mini ta wane gefe suke. Ni da hannuna na goge shi, ina jin daɗi na yi tsafta. Ban damu ba a lokacin, don a ganina babu abin tambaya. Zugazugi ai hura iska yake yi, harsunan tagulla su ne wutar.

Shekarar kuma ba ta yi wa masu fata kyau ba. Ƙazuwa ta shiga awaki tun daga rani, duk fatar da majema suka kawo in ka ɗaga ta a rana sai ka ga haske yana ratsowa ta wuri goma. Abokan sana'ata da yawa suka ajiye basilla suka koma gona, wasu suka bi masunta kogi. Ni kuma aikin nan fata mai laushi yake so, marar kauri, marar huda ko ɗaya. Na yi kasuwa uku ina ɗaga fatu ina ajiyewa kafin na sami guda huɗu a hannun wani Bafillace. Na fere su da wuƙa har suka yi kamar ƙyalle, na dafa ƙaro na manna, na bi gefe da ɗinki ƙanana. Wata guda cur na yi a kai. Ko Kawu Manu ya zauna a kan wannan aikin ba zai nutse ba.

Muka mayar da shi cikin akwatin. Malam Bitrus ya wanke hannu, ya zauna, ya taka, ya danna. Shiru kake ji. Da can ma yana huci, yanzu ko tari bai yi ba. Ya sake takawa da ƙarfi har matakan suna ƙara. Ya waiwayo ya dube ni, ni ma na dube shi.

Ya ce, "Garba, mi ya hwaru?"

Na ce, "Baba, iska na nan. Sa hannunka ka ji."

Ya sa hannu, ya ji iska tana bugun tafinsa. Iska ga ta, harsuna ga su, kuka babu. Na kwance, na sake ɗaurawa, na duba kowane ɗinki da miyau ko zan ga kumfa. Sati biyu ina wannan, ban ga laifin komai ba.

Sai Malam Bitrus ya tuna cewa a ƙetare, cikin ƙasar Dahome, akwai wani Fada, limamin coci Bafaranshe, mai irin wannan akwatin. Ya rubuta mini takarda, na ari keke na kama hanya cikin laka. A bakin iyaka na tarar su ma kansu a ɗaure yake. Ba a daɗe da ba su mulkin kansu ba, an sauke tsohuwar tuta an ɗaga sabuwa, amma masu gadin su ne na da. Ɗaya ya ce in kawo takardar izini, ɗaya ya ce wannan takardar ta daina aiki. Na ce to wacce ke aiki? Suka dubi juna. A ƙarshe na ba su goro suka ɗaga mini sanda.

Fadan mutumin kirki ne, yana jin yaren Dendi, ni ma ina ji. Ya buɗe mini cikin akwatinsa ya taka, kuka ya cika ɗaki. Na sa hannu na ji iska tana hurawa sama zuwa ga harsuna, daidai yadda na yi nawa. Na auna komai da zare, ina ƙulla ƙulli a kowane awo. Na dawo ina taƙama, na ce wa Malam Bitrus hanyata daidai take, iskar ce ta yi kaɗan. Na ƙara wa zugazugin faɗi, na ƙara nauyi a kansa. Wannan ya ci wata guda da wani abu. Muka gwada, shiru ya fi na da.

Duk wannan lokacin a cikin cocin nake aiki ranakun mako, kuma na lura da wani abu a ɗaya kusurwar. Da farko ƙwarya ce guda a kife. Bayan sati biyu suka zama uku, da 'yan sanduna. Daga nan sai ga caki, ɗan buta mai tsakuwa a ciki da ake girgizawa. Na tambayi Malam Bitrus, ya ce matan ne, wai suna riƙe waƙa da su kafin akwati ya tashi. Ya faɗi haka yana kallon wani wuri.

Wata rana ina rumfata sai ga Rahila, shugabar matan cocin, wata kakkaura mai sayar da bandar kifi, wadda in ta yi dariya a bakin kasuwa ana jinta a ƙarshen kasuwa. Ta dire mini wata ƙaramar ganga da fatarta ta fashe.

Ta ce, "Baduku, ta ubana ta, daga gida nid ɗauko ta. Ka iya?"

Ko na iya? Bayan wata uku ina kokawa da abin da ban gane ba, ga aikin da na sani kamar sunana. Ina da ragowar fatar Bafillacen nan. Na jiƙa, na ɗaura, na ja tsirkiya, na shanya. Kwana biyu na gama. Da na buga mata sai da masu wucewa suka tsaya. Wallahi ban kawo komai a raina ba, ban ma tambaye ta inda za ta kaɗa ba. Sai ranar Litinin da na shiga coci na gan ta a jingine kusa da ƙoren nan. Malam Bitrus ya bi idona da kallo.

Ya ce, "Aikinka na?"

Na ce, "Nawa na, Baba."

Ya ce, "Ta yi kyau. Kwana nawa ta ɗauke ka?"

Na faɗa masa. Ya gyara tabarau, ni kuwa na ji kunya ƙwarai.

Yadda na gano matsalar ba wayo ba ne. Kaka ta yi, an ɗaga tamu tutar, an yi kaɗe-kaɗe a Bagudo, ni ina can kwance a ƙarƙashin akwati. Sai ya faɗo mini ko zanzaro ne ya yi gini a hanyar iska ya toshe. Na cire zugazugin, na ce wa Malam Bitrus ya danne haƙori ɗaya, na kafa bakina a ramin da iska ke bi, na hura. Ba a toshe yake ba, amma babu kuka. Na hura, na hura, har numfashina ya ƙare. Bakina yana nan a ramin na ja numfashi ciki. Ƙurar shekara ashirin ta cika mini maƙogwaro, kuma a daidai lokacin akwatin ya yi wani siririn kuka.

Na fito ina tari, hawaye na zuba. Malam Bitrus ya miƙe tsaye, yatsansa na kan haƙorin.

Ya ce, "Mi ka yi? Sake!"

Na sake shaƙa, ya sake kuka.

Ashe wannan akwatin shaƙar iska yake yi. Na Fada yana hurawa, wannan yana ja, ga shi daga waje kamarsu ɗaya. Wane ne ya zauna ya ƙera zugazugi mai zuƙa, kuma don me, har yau babu wanda ya ba ni amsa. Duk leɓunan da na manna a baibai suke. Wata huɗu na ɓata, gyaran kuwa na kwana uku ne. Na ɓare su na mayar ɗaya gefen, na rage faɗin da na ƙara, na cire nauyin.

Ranar da muka gwada, Malam Bitrus ya taka sau uku ya ɗora hannu biyu. Jinkar ɗakin nan kamar za ta ɗaga. Ban taɓa jin sauti irinsa ba, mai kauri, mai tafiya a hankali, kana jinsa a cikinka. Ya yi waƙa guda tun daga farko har ƙarshe idonsa a rufe, ni ina tsaye da tukunyar ƙaro a hannu. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba.

Ya ce, "Ran Lahadi ka taho. Ba sai ka shigo ba. Tsaya bakin taga ka ji aikinka cikin mutane."

Na je. Na tsaya a jikin tagar da ke kusa da kusurwarsa, inda nake ganin bayansa da ƙafafunsa. Ɗakin ya cika har wasu suna tsaye a ƙofa, mutanen sun fi yadda ya ba ni labari yawa. Ya sa farar riga. Ya fara, mutane suka yi shiru, wasu tsofaffi suka gyaɗa kai, aka ɗauki waƙa tare da shi a hankali. Na ce a raina to, alhamdu lillahi, an gama.

Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu sai wata mata ta fara tafi. Ƙwarya ta shigo. Daga nan sai na ji gangata. Rahila ba da mugunta ta yi ba, fuskarta cike da murna, ina jin a ganinta taya akwatin murnar tashi take yi. Amma wata da watanni suna waƙar nan da kiɗansu, ƙafarsu ta saba da wani taki dabam. Waƙar ta fara sauri. Yarbawa suka bi, Bussawa suka bi, har ma'aikatan nan masu ɗaure wuya suna rausaya. Harshe huɗun da aka ce za su watse, ga su sun haɗu, kuma ba akwatin suke bi ba.

Malam Bitrus ya ƙara taki. Ina ganin gumi yana jiƙa bayan rigarsa. Ya kamo su, suka sake tsere masa. Ya tsallake wani wuri don ya tarye su a gaba, ya tarar sun maimaita baya. Zugazugina bai gaza ba, ko kaɗan, iska tana nan yadda ake so. Can a tsakiyar baiti na huɗu ya ɗauke hannuwansa ya ɗora a gwiwa. Ƙafafunsa suka ƙara taki biyu, su ma suka tsaya. Waƙa ta ci gaba, ba wanda ya waiwaya.

Na rasa abin da zan ji. Waƙar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba, ni da nake Musulmi a waje sai da ƙafata ta motsa. Gangar aikina ce, akwatin aikina ne. Da ban kankare allunan nan ba, da wata guda ya isa, da ƙwarya ba ta kai ga shiga ɗakin ba. To na cuci tsohon nan ne, ko na taimaki sauran? Na sha juya wannan a raina ina ɗinki, ban sami bakin zaren ba.

Da aka tashi, mutane suka fito suna gaisawa. Rahila ta hango ni ta ɗaga mini gangar sama tana dariya. Wasu suka zo suka yi mini sannu da aiki, wai akwati ya tashi, sun ji daɗi. Malam Bitrus shi ne na ƙarshen fitowa. Ya zagayo inda nake, yana goge tabarau da bakin rigarsa.

Ya ce, "Garba, aikinka ya yi. Babu inda iska ka zurara."

Na ce, "Na gode, Baba."

Ya ce, "Ka ji sa'adda nit tsaya?"

Na so in ce ban ji ba, amma ƙarya ba za ta yi masa amfani ba. Na ce, "Na ji, Baba. Cikin baiti na huɗu."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabarau, ya dubi mutanensa suna tafiya gida suna 'yar waƙar a baki.

Ya ce, "Kai ɗai ka ji."